Matakalar Karaga

Tagwaye ne, Rowland da Crispin, amma kada ka tuna wa Crispin haka in kana so ku rabu lafiya. Ungozomar da ta karɓi haihuwarsu a gidan Askerby ta ce tsakanin fitowar na fari da na biyu bai kai a dafa shayi a sha ba. Wannan ɗan lokacin shi ya ba Rowland gida da gonaki da sarautar Lord Askerby da kujera a Majalisar Iyayen Ƙasa. Crispin kuwa ya tashi da sunan gidan, Pelling, da wani suna da ɗan'uwansa ya laƙa masa, wanda ya tsana har tsufansa. Auta.

Ciwon ya soma ne tun suna 'yan makaranta, ranar da mahaifinsu ya kai su Landan su ga yadda ake majalisa. A bakin zaure aka raba su. Babban ɗan mai sarauta yana da izinin shiga ciki ya zauna a kan matakalar karagar mulki ya saurara, muddin ba zai buɗe baki ba. Sai aka shigar da Rowland, Crispin kuma aka haura da shi barandar 'yan kallo, aka cusa shi tsakanin wata mata mai mura da wani baƙo mai barci. Daga can sama ya leƙo ya hango ɗan'uwansa zaune a kan jan kafet, safa ta zame masa har idon sawu, yana tsotsar alewa yana hamma.

A ranar ya ga abin da ya riƙe masa zuciya har abada. Ana cikin tambayoyi mahaifinsu ya miƙe, wani dattijo ma ya miƙe a daidai lokacin. A wannan zauren babu shugaban da ke nuna mai magana da yatsa. In biyu suka tashi tare, zauren ne da kansa ke kiran sunan wanda yake son ji, ɗayan ya haƙura ya zauna. Crispin ya ji murya ta taso daga jajayen bencina, ƙasa-ƙasa da fari, sannan ta cika ɗakin: "Askerby! Askerby!" Dattijon nan ya koma ya zauna. Tsigar jikin yaron ta tashi. Ya dubi Rowland ya ga ko ya ji abin da ya ji, sai ya tarar yana can yana neman inda alewarsa ta faɗi.

A jirgin ƙasa, a hanyar komawa, Rowland ya ce, "Auta, da ka san yadda matakalar nan take da tauri! Ɗuwawuna duk sun mutu."

Crispin ya kawar da kai. Tagar jirgi ya zura wa ido har suka isa gida.

To, ba za a ce Crispin bai yi ƙoƙari a duniya ba. Ya karanta shari'a, ya shiga siyasa, ya tsaya takara a wani garin masaƙu da babu wanda ya san kakansa, ya sha ƙasa, ya sake tsayawa, ya ci. Ya yi rabin rayuwarsa a kan koren benci na Majalisar Wakilai, inda ake ƙwatar magana da ƙarfin maƙogwaro, wanda ya zauna kuwa an binne shi. Harshensa aska ne. Ya taɓa riƙe ƙaramin minista, jaridu sun zage shi sun yabe shi, duk da guminsa ya samu.

Shi kuwa Rowland, da mahaifinsu ya rasu sai kawai ya ɗauki lemar tsohon ya hau jirgi ya zo ya zauna a wurinsa. Mutum ne mai sanyin magana, in ya fara jimla sai ka je ka sha ruwa ka dawo bai kai ƙarshenta ba. Takalmansa ba sa rabuwa da taɓo, kwat ɗinsa na warin tumaki. Magana ɗaya ya sani a duniya: ganuwar teku. Ƙauyen Saltby da ke ƙasan gonakinsu teku na cin sa a hankali, tun yana saurayi ya ga ruwa ya shiga gidajen masunta ya fito da gawa, daga ranar bai sake samun wani zance ba. Gwamnati ta zo, gwamnati ta tafi, kowace sai ta tarar da Lord Askerby tsaye da tambayarsa. Kwamitin da kowa ke gudu saboda gundura, shi ake turawa, ya je ya zauna daram. Aka yi masa dariya, aka sa masa suna Sarkin Ganuwa. Amma ganuwar ta riƙa tashi, gaɓa bayan gaɓa, a Saltby da wasu garuruwan bakin ruwa da bai taɓa kwana cikinsu ba, har dariyar ta koma ƙauna ba a san ranar da ta koma ba.

Wannan ƙaunar ita ce ta hana Crispin sakat. Da Rowland mugu ne, ko rago, da abin ya zo masa da sauƙi.

Da furfura ta cika masa kai, jam'iyyarsa ta saka masa da sarautar Lord Pelling, irin wadda ake binne ta tare da mai ita, ba a gadonta. Ranar shigar da shi zaure, sai manya biyu sun raka shi cikin jar alkyabba, kuma Rowland ya nace shi ne ɗaya. Crispin ya zo da alkyabbar aro, sabuwa fil tana sheƙi. Rowland ya ɓullo cikin ta kakan kakansu, asu ya cinye gefenta, jan ya koɗe ya koma kalar busasshen barkono. Ita kowa ya tsaya shafawa.

"Kai, Auta, ka yi kyau!" in ji Rowland, yana gyara masa wuya. "Da Baba na nan da ya yi kuka."

"Sakar min wuya, Magaji. Ba a gadon haihuwa na tsinci tawa ba, na san yadda ake ɗaura ta."

"Ai fa. Ni har yau a karkace nake sa tawa."

Haka yake. Ka jefe shi da dutse, ya ɗauka ya ce ka ba shi kyauta.

Crispin ya shiga zauren da buri guda, kuma ya san shi sarai ko da bai taɓa faɗa wa kowa ba. So yake wata rana shi da Rowland su miƙe tare, zauren ya ce "Pelling!", Rowland ya zauna. Sau ɗaya tak. In ya samu wannan, a ɗauke ransa washegari bai damu ba.

Sai dai zauren nan ba ya son a burge shi. Crispin ya yi jawabai masu kaifi, aka saurara cikin ladabi kamar ana jin hasashen yanayi. In ya tashi shi kaɗai, ya yi magana. In ya tashi tare da wani, ko da tsohon alƙalin da kunnensa ya mutu ne, sunan wancan ake kira. Rowland kuwa ko gyara zama ya yi sai ka ji an fara "Askerby" ƙasa-ƙasa.

Matarsa Imogen ita kaɗai ta gane ciwon, kuma ba mace ce mai lallashi ba. Wata safiya suna karyawa, yana ta yi wa gasasshen burodi yankan ƙauna, ta ce, "Wai burodin nan shi ya riga ka fitowa duniya?"

"Ban gane ba."

"Ka gane. Jiya ma an kira yayanka ke nan."

"Ba yayana ba ne! Tagwaye muke."

"Au, yau kuma tagwaye ne? To sannu. Crispin, kana da jikoki, gwiwarka na ƙara in ka hau bene, amma har yau kana can barandar nan kana leƙe. Sauko haka nan, bawan Allah."

Ya ture farantin ya tashi. Ta jawo farantin gabanta ta cinye abinta.

Ana nan sai gwamnati ta kawo ƙudirin raba masu gadon sarauta da kujerunsu na majalisa. Crispin ya tashi ya goyi baya, kuma ranar ya yi jawabin da ya fi kowane a rayuwarsa. Ya ce ba daidai ba ne mutum ya yi wa ƙasa doka don kawai ya riga wani faɗowa hannun ungozoma. Gaskiya ya faɗa, ni ma da nake ba ku labarin ban ga ta inda za a karya ta ba. Amma ba gaskiyar ce ta sa muryarsa rawa ba. Duk tsawon jawabin, ƙeyar mutum ɗaya yake kallo.

Da aka fito shan shayi ya shirya wa faɗa. Har ya tanadi amsoshi. Sai ga Rowland ya nufo shi da kofi a hannu, rabin shayin ya zube a faranti.

"Auta, ka yi magana! Wallahi ban taɓa jin an faɗi abin a fili haka ba. Ni ma bayanku zan bi."

"Bayanmu? Kujerarka fa za a ƙwace!"

"To ai ba tawa ba ce, tarar da ita na yi."

"An ce za a bar kaɗan daga cikinku, ku zaɓa a tsakaninku. Ka tsaya mana. Kai da kowa ke so."

Rowland ya yi dariya har ya ƙware. "Ni? Ban taɓa roƙon ƙuri'a ina da haƙora ba, sai yanzu? Wannan fagenka ne. Ni dai a ƙarasa min ganuwar arewacin Saltby, wajen makaranta, in koma wurin tumakina."

Crispin ya ji kamar ya kwaɗa masa farantin a ka. Ya yi shekaru yana haƙon ramin da zai jefa mutumin nan, ga shi ya zo da kansa ya shiga yana yaba zurfinsa. Wani abin kuma ya fi wannan ci masa rai. In Rowland ya tafi, da wa zai miƙe tare? Da hannunsa ya yanke wa burinsa wa'adi.

Ranar ƙarshe ta masu gado ta zo, zaure ya cika maƙil. Tsofaffin da aka daɗe ba a gani ba duk sun fito, wasu da sanda, wasu da keken guragu. Tambayar ƙarshe a jerin ranar kan zaizayar bakin teku ce. Wata tsohuwa, Lady Orme, ita ta shigar da ita, kuma kowa ya san don wa ta yi. So take Sarkin Ganuwa ya samu ƙofar da zai yi maganarsa ta ban kwana, ya matsa wa minista ya yi alkawarin gaɓar da ta rage a gaban kowa. Lady Orme ta yi tambayarta, minista ya ba da amsar da ba ta ƙoshi ba, wasu biyu suka ɗan taɓa. Lokacin tambayoyi ya kusa cika, saura bakin mutum ɗaya. Kawuna suka juya wajen Rowland.

Rowland ya dafa benci ya fara miƙewa a hankali.

Crispin bai san lokacin da ƙafafunsa suka ɗaga shi ba. Ya dai tsinci kansa tsaye.

"Askerby," aka fara. "Askerby! Askerby!"

Daga kowane ɓangare take fitowa, har daga bencin jam'iyyarsa, har daga bakin mutumin da ke zaune kusa da shi. Muryar nan ce dai ta ranar baranda, ba abin da ya canza. Abin da ya kamata ya yi a bayyane yake, ko sabon shiga ya sani: ya ɗan rusuna ya zauna. Amma jinin koren benci ya motsa masa, can inda ba a zama sai an ga abin da zai faru. Ya ƙame. Ya harɗe hannu a baya ya kafe ido a bango.

Kiran ya ƙaru, ya soma ɗaukar zafi. Wani ya ja masa gefen kwat, ya fizge. Lady Orme ta juyo ta dube shi ta saman tabarau, kallon da ake yi wa karen da ya hau teburin abinci. Tsofaffi biyu masu fuska iri ɗaya suna tsaye, ɗaya zaure na kiransa, ɗaya kunnuwansa sun yi ja wur.

Sai Rowland ya waiwayo ya dube shi. Ba fushi a fuskarsa. Kallon nan ne na mai kiwo da ya ga dabbarsa ta maƙale a shinge. Ya saki benci, ya koma ya zauna, ya ɗaga muryar da ba a taɓa jin ya ɗaga ba.

"Pelling!" ya ce. "Pelling!"

Shi kaɗai. Ba wanda ya taya shi. Zauren ya yi tsit, don mai haƙƙi ya bayar, ba mai ikon karɓar masa.

Ga fili an ba Crispin. A nan ne ya tuna ba shi da abin faɗa. Bai san komai game da ganuwar teku ba. Rabonsa da Saltby tun jana'izar mahaifiyarsu. Mutumin da ya kayar da ministoci da harshe ya buɗe baki ya ce, "Ranku ya daɗe, iyayen ƙasa... shin mai girma minista zai yarda cewa... cewa teku abu ne mai muhimmanci ga ƙasar nan?"

Wani ya yi tari. Minista ya miƙe da murmushin wanda aka sauke wa kaya, ya ce lallai ya yarda da mai girma Lord Pelling, teku na da muhimmanci ƙwarai. Ya zauna. Lokaci ya cika, magatakarda ya kira batu na gaba. Ba a ambaci Saltby ba, ba a ambaci makaranta ba.

A ɗakin rataye riguna Crispin ya sami ɗan'uwansa. Rowland na cire tsohuwar lemarsa daga maratayin da mahaifinsu ya yi amfani da shi, mutane sun kewaye shi suna riƙe masa hannu, wasu idonsu ya kawo ruwa. Da suka ga Crispin sai suka watse ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce masa ko sannu.

"Me ya sa ka zauna?" in ji Crispin. "Kai ake kira! Wa ya roƙe ka?"

"Ka daɗe a tsaye, Auta. Gwiwarka ba ta da lafiya."

"Kada ka raina min hankali! Sadaka ka ba ni a gaban mutane. Kullum kai ne na kirki, ko? Ko a ranar da aka kore ka sai ka fita ka fi ni!"

Rowland ya tsaya yana juya lemar a hannu. 

"Tun ranar da Baba ya kawo mu na san kana so," ya ce. "Na ɗaga kai na gan ka a sama. Na rasa yadda zan yi in ba ka, ba abin da ake ciro wa a aljihu ba ne. Yau na ga dama, na ce bari in gwada." Ya sa hularsa a karkace. "Ban iya ba, ko? Yi haƙuri."

"Ganuwar fa?"

"Oho. Kai ke cikin zauren yanzu."

Ya fita yana jan ƙafa, ya bar ɗan taɓo a kan kafet.

Ko a wannan lokacin, in za a faɗi gaskiya, ba nadama ce ta fara zuwa wa Crispin ba. Ƙyashi ne. Ya tsaya yana jin haushin yadda haƙurin ma bai yi wa Rowland wuya ba.

Da majalisa ta dawo sabon zama, bencina sun yi sarari. Crispin ya je Saltby a lokacin hutu, bai gaya wa kowa ba sai Imogen, wadda ta dube shi ta ce ya tafi da takalmin ruwa. Ya ga inda ganuwar ta tsaya, ya ga tazarar da ke tsakanin ruwa da katangar makaranta, ya dawo da tambaya a bakinsa, ta gaske wannan karon. Ya jira har aka sake kawo zancen bakin teku.

Ranar, yana shiga zaure ya hango Rowland. Waɗanda aka sallama an bar musu alfarma guda: suna iya zuwa su zauna a kan matakalar karaga su saurara, muddin ba za su buɗe baki ba. Rowland na can zaune a kan jan kafet, gwiwoyi sun kusa taɓa haɓa, safa ta zame masa har idon sawu. Duk wanda ya wuce sai ya ɗan sunkuyar masa da kai.

Minista ya gama amsa. Crispin ya miƙe. A ɗaya ɓangaren wani sabon shiga, tsohon shugaban wani kamfani da bai fi wata guda a zauren ba, shi ma ya miƙe.

Zauren bai yi ko jinkiri ba. Sunan wancan aka kira.

Crispin ya juya wajen matakala. Rowland ya tattaro jikinsa gaba, hannu a kan gwiwa, idonsa a kansa. Leɓɓansa na motsi, a hankali, yadda yake komai. Pelling. Pelling. Ba sauti, don dokar da Crispin ya yi wa jawabi mafi kyau a rayuwarsa ta rufe bakin nan.

Crispin ya ɗan rusuna, ya zauna.